Shanun da Ɗanmaliki Ya Sayar

Ɗanmaliki manomi ne a wani ƙauye kusa da garin Turawa, a ƙasar Karaye. Yana da mata, Tasalla, da 'ya'ya biyar, da gona mai faɗi da ya gada wurin mahaifinsa. Duk cikin abin da ya mallaka babu abin da yake ji da shi kamar shanun nomansa biyu, wani fari da wani ja mai karyayyen ƙaho. Shekara shida suna hannunsa. Da damina ya yi huɗar gonarsa da su, ya yi wa mutane ta kuɗi. Da rani ya ɗaura musu amalanke ya yi dakon taki da yashi. Ba mai arziki ba ne, amma ba a taɓa kwana da yunwa a gidansa ba.

Wata kaka, ana cikin ɓarzar masara, sai ga katafiloli sun shigo yankin. Aka ce gwamnati za ta haƙa hanyar ruwa daga dam, ta ratsa gonaki har ta wuce ƙauyensu, domin a samu noman rani. Masu awo suka zo suka kakkafa turaku masu jan fenti. Ɗaya daga cikin turakun a kan iyakar gonar Ɗanmaliki ya faɗa.

Ranar Juma'a ƙaninsa Lukumanu ya zo a babur daga Karaye, inda yake koyarwa a makarantar sakandare. Shi ne wanda ya yi boko a gidan, tattalin arziki ya karanta, kuma da kuɗin huɗa Ɗanmaliki ya biya masa karatun. Bayan sun gaisa, ya tambayi iyali da gajiyar kaka, suka tafi ganin turken tare.

"Yaya, kakarka ta yanke saƙa," in ji Lukumanu, yana murna. "Sau biyu za ka riƙa noma a shekara, ko ma sau uku. Abin da kake bukata injin ban ruwa ne mai aiki da hasken rana, ba ruwanka da sayen fetur."

"To wai a ina gwamnatin ta samu kuɗin wannan aiki? Ba kullum cewa suke babu ba?"

"Yadda na ji a rediyo, babban banki ne ya ba ta."

"Shi kuma a ina ya samo?"

Lukumanu ya yi dariya. "Ai shi yake yin kuɗin, Yaya."

"Wato bugawa kawai ya yi."

"Ka iya cewa haka. Amma abin dubawa shi ne inda aka zuba su. In aka buga kuɗi aka raba wa mutane suka je kasuwa, buhunan da ke kasuwar ba su ƙaru ba, dole farashi ya tashi. In kuwa aka haƙa hanyar ruwa da su, buhunan ma za su ƙaru. Kuɗi sun ƙaru, kaya sun ƙaru, babu abin da zai tashi."

Maganar ta zauna wa Ɗanmaliki. Ya kwana biyu yana juya ta. Injin da farantan hasken ranar da bututun duka sun kai dubu ɗari takwas a wani shago a Karaye, shi kuwa ba shi da abin da zai kawo wannan kuɗi sai shanun. Da ya gaya wa Tasalla, sai ta ɗago daga waken da take tsincewa a faifai.

"Malam, in damina ta zo da me za ka yi huɗa?"

"Kafin damina na cire albasa da tumatir. In sayi waɗanda suka fi su ƙuruciya."

"Allah ya sa haka ne mafi alheri," in ji ta.

Ranar kasuwar Rogo ya kora shanun zuwa kara. Dillalin da ya saba da shi wani dattijon Bafulatani ne daga garin Fulatan, ana ce masa Hamma, abokin marigayi mahaifinsa. Hamma ya shafa tozon farin, ya buɗe bakin jan ya duba haƙora, sannan ya ja Ɗanmaliki gefe.

"Lafiya dai? Rashin lafiya aka yi a gida?"

"Lafiya ƙalau, Baffa." Ya kwashe bayanin Lukumanu ya faɗa masa, har da maganar buhuna.

Hamma ya saurara har ƙarshe. "Ni ban yi boko ba," in ji shi. "Amma saniya wata tara take yi kafin ta haihu, masara wata uku zuwa huɗu. Shi injin buga kuɗin nasu kwana nawa yake yi? Ina tsoron kuɗin za su riga buhunan zuwa kasuwa. In dai ka sayar yau, kada takardar nan ta kwana a ɗakinka. Ka wuce Karaye ka sayi abin da za ka saya."

Wani falke ya saye su dubu ɗari tara. Da aka zo jan su, jan ya tirje yana waiwaye, Ɗanmaliki ya juya baya ya yi kamar yana gyara hula.

Da ya bi shawarar Hamma, da labarin ya tsaya nan. Amma a Karaye sai ya fara biyawa ta gidan Lukumanu, shi kuwa Lukumanu yana da sabon labari: an ce duk manomin da ya yi rajista a ƙarƙashin aikin za a ba shi injin a rabin kuɗi, da zarar ruwa ya iso.

"Ka dakata, Yaya. Me za ka yi da inji yanzu, ruwan bai zo ba? Wata biyu ne kawai. Ka ga sai rabin kuɗinka ya ragu, ka sayi ɗan maraƙi."

Ɗanmaliki ya yi rajista, aka ɗauki hotonsa, aka ba shi wata 'yar takarda mai hatimi. Ya sayar da buhu shida na masara ya biya kuɗin rajistar, ya sayi irin albasa, ya sa aka share masa gefen gonar aka yi fangali. Kuɗin shanun kuwa ya naɗe su a leda ya sa a ƙasan akwatin ƙarfe.

Da farko abin gwanin sha'awa. Leburori da direbobi suka cika ƙauyen, ana biyansu duk mako da sababbin takardu masu ƙamshi. Mata suka kafa tukwanen shinkafa da wake a bakin aiki. Ƙwai ya yi wuya, kaza ta yi tsada, masu sayarwa suna ta godiya. Tasalla ce ta fara lura da cewa abin ya wuce ƙwai da kaza.

"Malam, kwalbar man gyaɗa ta ƙara ɗari uku. Gishiri ma ya tashi."

"Baƙin nan ne. In sun tafi zai sauka."

"Har sabulu baƙin ne? A Rogo ma haka aka ce, can kuwa babu katafila."

Wata biyu suka wuce, na uku ya kama. Wata rana Ɗanmaliki ya shiga Karaye, ya ce bari ya leƙa shagon injin don kwanciyar hankali. Mai shagon ya ce yanzu miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ne. Ɗanmaliki ya zaci wasa yake.

"Wallahi ba ni ba ne," in ji mai shagon. "Daga waje ake kawo shi, dala kuwa ta haukace. Yau in na sayar maka a tsohon kuɗi, gobe ba zan iya mayar da shi ba."

Ya fito daga shagon. Ya nufi makarantar su Lukumanu, ya tsaya a bakin ƙofa har aka tashi. Lukumanu ya kwantar masa da hankali, ya ce ai na rajista yana nan, rabin miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ma bai kai abin da ke akwatinsa ba. Ɗanmaliki ya koma gida da wannan.

Ana saura wata biyu damina ta faɗi, aikin ya tsaya. Ba sanarwa, ba komai. Wata safiya dai aka ga ana ɗora katafiloli a kan manyan motoci. Wani direba ya ce kuɗin siminti da na man dizal sun ninka, abin da aka ba ɗan kwangila ba zai kai aikin ƙarshe ba, sai an sake zama. An gama shafe hanyar da siminti har zuwa wata tsamiya a gonar Alhaji Suhaibu. Daga tsamiyar zuwa turken Ɗanmaliki tafiyar kusan rabin awa ce a ƙafa, ko gatari ba a sara ba. Ofishin rajistar kuma aka garƙame shi da kwaɗo.

A wannan makon ya koma Rogo da kuɗin a ƙugunsa, ya yanke shawarar mayar da shanu kafin ruwa ya sauka. Ya zaga karar sau uku. Duk san da ya taya, sai a faɗi kuɗin da zai sa ya saki igiyar. Hamma ya same shi tsaye a rana, zufa ta jiƙe masa riga. Suka gaisa, dattijon bai ce masa "ai na faɗa maka" ba, ya dai kama hannunsa ya kai shi inuwa.

"Nawa ke hannunka?"

"Dubu ɗari takwas da hamsin. Na taɓa hamsin, yarinya ta yi zazzaɓi."

Hamma ya sunkuyar da kai. "Ɗaya za su saya maka. Shi ma ba kamar farinka ba."

"Baffa, biyu na kawo maka. Wata biyar ke nan. Ban ci kuɗin nan ba, ban yi aure da su ba, ban kai su gidan caca ba. In banda hamsin ɗin, ga su nan yadda aka ba ni." Ya fara kwance ƙugunsa. "Ka duba, ko ɗaurin bankin ban cire ba. Wa ya ɗauki ɗaya san?"

"Mayar da kuɗinka, mutane na kallo."

"Ka nemo mini mutumin da ya saye su. In roƙe shi. Ko jan kaɗai ya ba ni."

"Ɗanmaliki, tun a makon suka hau tirela zuwa kudu."

Hamma ya ba shi shawara ya sayi ɗayan, ya nemi mai ɗaya su haɗa karkiya. Ɗanmaliki ya kasa. Gani yake in ya miƙa kuɗin shanu biyu ya karɓi ɗaya, ya sa hannu ke nan a kan asararsa. Kuma a rumbu masara ta kusa ƙarewa, tunda ya sayar da buhu shida, babu kuma kuɗin dako da ya saba samu da rani. Buhun da ya sayar dubu talatin da biyar yanzu ya haura saba'in. In ya sayi sa, me za su ci har kaka? Da me zai sayi taki? Ya ce wa Hamma sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa sa ɗayan ma ya fi ƙarfinsa.

Daga nan ya daina barci sosai, ya daina zama a majalisa. Sai ya buɗe akwatin ya tsaya yana kallon kuɗin, ya rufe. Tasalla ta rage awo ba tare da ta gaya masa ba, tuwon dare ya koma kunu. Ranar da ƙaramar 'yarsu Ummi ta tambaya me ya sa ba a yin tuwo, ya tashi ya fita ba takalmi.

Wata safiya ya ɗauki diga da shebur ya fita, har azahar bai dawo ba. Washegari ma haka. A rana ta uku wata maƙwabciya ta gaya wa Tasalla inda aka gan shi, sai Tasalla ta ari waya ta kira Lukumanu tana kuka.

Lukumanu ya same shi a bayan tsamiyar, a inda siminti ya ƙare, cikin rami iya gwiwa, rana na dukansa. Ya haƙa abin da bai fi taku goma sha biyar ba. Ƙasar ta bushe ta yi tauri, tafin hannunsa duk ya fashe, ƙotar digar ta yi ja.

"Sannu da aiki, Yaya."

Ya ci gaba da sara.

"Yaya, don Allah ka fito. Ko mutum ɗari ne ba za su kai gonarka kafin damina ba."

"Ka ce mini buhuna za su ƙaru," in ji Ɗanmaliki, bai ɗago ba. "Ina ƙoƙarin ƙara su ne."

Lukumanu ya sauka cikin ramin ya riƙe digar. Suka yi ta ja, har Ɗanmaliki ya saki ya zauna daɓas a ƙasa yana haki.

"Faɗa mini gaskiya, kai da ka yi karatu. Kuɗin da suka buga ne suka cinye mini sa?"

Lukumanu ya zauna kusa da shi. "Ban sani ba, Yaya. Wallahi ban sani ba ko su kaɗai ne. Fetur ya tashi, dala ta tashi, wurare da yawa 'yan bindiga sun hana noma. Ko ba a buga ko sisi ba, da kaya sun yi tsada. Amma kuma ba zan rantse maka babu hannunsu ba. Kuɗin sun fita, sun shiga aljihun mutane, ruwan bai zo ba. Abin da na gaya maka sai an gama aikin yake zama gaskiya. Wannan ne ban faɗa maka ba, don ni ma ban kawo a raina za a tsaya ba."

"Hamma ya faɗa mini. Shi da bai san alif ba."

"Na sani. Ni na hana ka sayen injin." Ya share fuska da hannun riga. "Ni ma albashina ranar goma ga wata yake ƙarewa. Wata uku ke nan ba mu ga nama ba. Ba ni da komai sai babur ɗin can. Ka ɗauka ka sayar."

Ɗanmaliki ya dubi babur ɗin da ke jingine da tsamiya, ya daɗe yana kallo. Da ƙyar ya girgiza kai. "In ka sayar, da me za ka je makaranta? A kore ka, mu zama biyu?" Ya miƙa masa hannu. "Tashe ni."

Ruwan shuka ya sauka bayan kwana tara. Ɗanmaliki, wanda shekara shida shi ake bi layi a gidansa, ya bi layi a gidan wani mai shanu, aka yi masa huɗa a makare, a kan kuɗin da ya ninka na bara. Rabin gonar kawai ya iya, sauran ya bar ta ciyawa. Taki buhu biyu ya saya maimakon biyar. Abin da ya rage a akwatin ya tafi a awon masara, kwano bayan kwano, har zuwa lokacin da sabuwa ta nuna. Tasalla ta sayar da akuyarta ta ƙarshe a watan marka. Ranar da ya ɗauko takardar ƙarshe daga cikin ledar, bai ji komai ba sai wani irin sauƙi, don ya huta da kallonsu suna lalacewa.

Amfanin da ya samu bai kai rabin na bara ba.

Da rani ya sake zagayowa, aka saki ruwa a ɓangaren da aka gama. Ya gangaro har tsamiya ya tsaya. Gonakin da ke sama suka yi kore shar, albasa da tumatir da alkama. Kafin wata uku tumatir ya cika kasuwar Karaye, kwando ya karye ya koma ƙasa da rabin kuɗinsa. Albasa ma ta sauka. Mai da sabulu da siminti da shanu kuwa suna nan inda suka hau. Lukumanu ya zo da tumatir cike da leda, ya ajiye wa Tasalla, ya so ya ce wani abu game da farashin, ya dubi fuskar yayansa ya fasa.

"Faɗi mana," in ji Ɗanmaliki. "Inda ruwa ya kai, maganarka ta tabbata. Na gani da idona. Ni ne dai ban shiga ciki ba."

Alhaji Suhaibu yana neman masu ƙwadago a gonarsa ta bakin tsamiya. Ɗanmaliki ya yi kwana huɗu yana jan ƙafa, domin sa'ansa ne, tare suka yi makarantar allo, kuma shi ya saba yi masa huɗa. Ranar ta biyar, da ya ga Tasalla tana karkaɗe buhu, ya ɗauki fartanya ya tafi.

Alhajin ya ji nauyinsa, ya yi ta gaisuwa yana maimaitawa. Da aka zo maganar lada ya ce dubu uku yake ba kowa a wuni, amma shi zai ba shi uku da rabi.

"Na gode, Alhaji. Amma in ba damuwa, kada ka ba ni kuɗi."

"To me zan ba ka?"

"Masara. Kwano biyu a wuni. Ko ta tashi ko ta sauka, kwano biyu."

Alhaji Suhaibu ya yi lissafi a zuci, sannan ya ce ya yarda. Ɗanmaliki ya naɗe ƙafar wandonsa, ya shiga fangalin albasa, ya buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Da la'asar aka auna masa kwano biyu a ɗan buhu, ya saɓa a kafaɗa ya kama hanyar gida.